Labarin Mota Kada a Tambayi Fuska

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a kan ɗan Adam, amma duk wanda ya ɗauke ta ya shiga da ita kasuwar motoci a yau, to, ya shirya yin da-na-sani. Idan mai karatu ya taɓa ratsawa ta Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko wajen makanikan Apo a Abuja, da wuya bai ga mota a tsaye an yaye mata gaba ba. An cire bonet, an cire bamba da fitilu, ba abin da ake gani sai inji da lagireto a fili. Wata karo ta yi ake gyara ta. Wata kuwa lafiyarta ƙalau, mai ita ne yake so a sauya mata kama, ta shiga gareji tana ƙirar 2008, ta fito kamar ƙirar 2016.

Wannan aiki na ɗauko kayan gaban wata mota a ɗora wa 'yar'uwarta ta wata shekara ya zama sana'a babba, kuma akwai ilmi mai yawa a cikinsa. Me ya sa bonet ɗin wata shekara yake zama daram a kan motar wata shekara, amma na shekarar da ke biye da ita ya ƙi zama ko da an yi ta duka da guduma? Kuma idan kayan sun zauna, shi ke nan aiki ya yi kyau? Amsar tana tattare da darussan lissafi da kimiyyar da ɗalibai suke karantawa a aji, sai dai a nan kuskuren lissafi yana iya cin rai.

Yadda aka faro musanya sassa

A farkon ƙera motoci, kowace mota kusan aikin hannu ce. Maƙeri yakan goge ƙarfe da zarto har sai ya shiga gurbinsa, saboda haka abin da ya dace da wannan mota ba lalle ne ya dace da waccan ba, ko da kamfani ɗaya ya yi su a wata ɗaya. A shekarar 1908 aka yi wani gwaji a Ingila wanda ya nuna wa duniya cewa an shiga sabon zamani. An ɗauki motoci uku ƙirar Cadillac, na kamfanin da Henry Leland yake jagoranta a Amurka, aka wargaza su kaca-kaca a filin tsere na Brooklands, aka cakuɗa sassansu wuri guda. Sa'an nan aka sake harhaɗa motoci uku daga wannan tarin, ba tare da an goge ko an lanƙwasa wani abu ba, kuma kowace ta yi tafiyar mil 500, wato kimanin kilomita 800. Sirrin abin shi ne awo. Idan aka ƙera kowane sashe bisa ma'auni guda, aka kuma ƙayyade iyakar kuskuren da za a yafe masa, to, kowane ɗaya zai iya maye gurbin ɗan'uwansa.

Henry Ford ya rungumi wannan dabara, ya yi ta buga mota iri ɗaya mai suna Model T daga 1908 zuwa 1927, har ya sayar da fiye da miliyan 15. Abokin hamayyarsa Alfred Sloan, wanda ya zama shugaban General Motors a 1923, sai ya ɓullo ta wata hanya. Ya lura cewa mutum yakan gaji da motarsa tun ba ta mutu ba, muddin ya ga maƙwabcinsa da wadda ta fi tasa sabon yayi. Kamfaninsa ya shiga sauya kamannin motoci shekara-shekara, alhali inji da ƙashin motar suna nan kusan yadda suke. Daga nan ne al'adar kiran mota da shekararta ta samo tushe, kuma daga nan ne fuskar mota ta zama abin da ake yi wa farashi.

Sabon zubi da gyaran fuska

Domin a fahimci abin da ke shiga da wanda ba ya shiga, wajibi ne a bambance abubuwa biyu. Na farko shi ne sabon zubi, wato lokacin da kamfani ya sake zana mota tun daga ƙashinta. Wannan yakan faru ne galibi bayan shekara biyar zuwa bakwai, ko fiye. Na biyu shi ne gyaran fuska, wanda akan yi a tsakiyar rayuwar zubin domin kada motar ta tsufa a idon masu saye.

Dalilin wannan tsari kuɗi ne. Kowane faifan ƙarfe na jikin mota ana buga shi ne a cikin mazubin ƙarfe mai nauyin gaske, a ƙarƙashin injin matsi mai ƙarfin dubban tan. Sauya rufi ko ƙofa ko ginshiƙan jiki yana nufin sababbin mazubai, da sake tsara layin walda, da sake gwajin karo tun daga farko. Saboda haka idan an zo gyaran fuska, injiniyoyi sukan taƙaita ga sassan da ake ɗaurewa da noti: bamba, ragar gaba, fitilu, wani lokaci har da bonet da fenda, wato murfin da ke bisa tayar gaba. Ramukan da ake ɗaure waɗannan kaya a jikin motar kuwa sukan bar su a inda suke.

Alal misali, a ɗauki Toyota Camry, wadda ta cika titunanmu. Ƙirar 2002 zuwa 2006, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa Big Daddy, zubi ɗaya ce. Ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda suke kira Muscle, wani zubin ne dabam, kuma an yi mata gyaran fuska a ƙirar 2010, inda galibin sauyin ya tsaya ga bamba da raga da fitilu. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a zubin farko milimita 2,720 ce, a na biyu kuwa 2,775. Wannan bambanci na milimita 55 alama ce ta cewa an sake ƙashin motar. Sakamakon haka, ƙirar 2006 da ta 2007, waɗanda shekara ɗaya tak ta raba, ba sa musayar fuska, amma ƙirar 2007 da ta 2011 'yan ɗaki ɗaya ne. Ashe ke nan ba yawan shekarun da ke tsakani ake dubawa ba, zubi ake dubawa.

Haka abin yake ga Mercedes-Benz W124, wadda aka fi sani da V-boot. Ta fito a ƙarshen 1984, kuma a 1993 aka yi mata gyaran fuska, aka shigar da ragar gaba cikin jikin bonet, aka mayar da gilashin sigina fari. Mai tsohuwar yana iya ɗora sabuwar fuskar, amma sai ya sayi kayan a haɗe, domin sabuwar raga ba ta zama a tsohon bonet. Ita ma Toyota Land Cruiser ta zubin 200 ta fito a 2007, aka gyara mata fuska a 2012 da 2015, kafin zubin 300 ya gaje ta a 2021. Wannan doguwar rayuwa a kan ƙashi ɗaya ita ta sa ta zama ɗaya daga cikin motocin da aka fi sauya wa kama.

Akwai kuma wani tarko. Mota ɗaya, shekara ɗaya, tana iya samun fuska dabam-dabam gwargwadon ƙasar da aka yi ta dominta. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, an san ta da manyan fitilu biyu masu kusurwa. Wadda aka kai Amurka kuwa fitilu huɗu zagayayyu gare ta, saboda daga 1940 zuwa 1983 dokar ƙasar ba ta yarda da kowace fitila ba sai irin wadda aka rufe ƙwai da gilashi a jiki ɗaya, bisa siffofin da aka ƙayyade. Har yanzu bamba da fitilu da wayoyin motar da aka yi don Amurka sukan bambanta da na wadda aka yi don Turai ko ƙasashen Larabawa.

Daga wannan bayani za mu iya kasa aikin gida uku. Akwai musanya tsakanin motoci masu zubi ɗaya da fuska ɗaya, wanda kwancewa da ɗaurewa ne kawai. Akwai musanya a cikin zubi ɗaya amma an ƙetare gyaran fuska, wanda yake buƙatar a sauya kayan a haɗe tare da maƙalansu da wayoyinsu. Sa'an nan akwai ƙetare zubi, inda dole sai an yanka, an huda, an yi walda, an cike giɓi da fila. Na ukun nan shi ne mai haɗari, kuma za mu ga dalili. Gaban mota yana da ayyuka huɗu: shaƙar iska, ba da haske, shanye karo, da jin abin da ke gaba.

Hancin mota: iska da zafi

Inji ba ya mayar da dukkan man da ya sha ya zama tafiya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man yakan bi salansa ya fita da hayaƙi, wani kimanin kashi ɗaya cikin ukun kuma zafi ne da ruwan inji yake kwasowa ya kai lagireto, iska ta ɗauke shi. Ruwan yakan yi aiki ne a wajen digiri 90 a ma'aunin Salsiyos. Murfin lagireto yana riƙe matsi a ciki, wanda yake ɗaga matakin tafasar ruwan daga digiri 100 zuwa wajen 120. Wannan 'yar tazara ita ce duk rarar da inji yake da ita.

Yawan zafin da lagireto zai iya zubarwa ya dogara ga yawan iskar da ke ratsa shi da kuma bambancin zafi tsakanin ruwan da iskar. A garin da iska take digiri 20, bambancin digiri 70 ne. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda iska kan kai digiri 42, bambancin ya koma 48. Wato tun ba a taɓa komai ba, lagireton ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. To, ina ga an zo an ɗora bamba mai ƙaramin baki, ko raga mai yawan ado wadda ta toshe hanya?

Har ila yau, a bayan bamba akwai wasu fallayen roba da ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto. Sau da yawa idan sabuwar fuska ta ƙi zama, waɗannan fallaye ake fara yankewa a jefar, ana ganin ba su da amfani. Iska kuwa kamar ruwa take, hanya mafi sauƙi take bi. Da zarar ta sami giɓi sai ta zagaye lagireto ta wuce. Mai motar ba zai lura ba a cikin sanyin hunturu. Sai bazara ta yi, ya ɗauko kaya ya kunna na'urar sanyaya ɗaki a kan doguwar hanya, sa'an nan allurar zafi ta fara hawa.

Idon mota: haske da lantarki

Fitilar mota tana jefa haske ne bisa tsari. Ƙaramar fitila, wadda ake kunnawa idan ana haɗuwa da wasu motoci, an saita ta ta sunkuya ƙasa da kimanin kashi 1 cikin 100, wato santimita 1 a kowace mita. Idan fitilar tana bisa ƙasa da santimita 65, iyakar haskenta za ta taɓa kwalta a nisan mita 65. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a daƙiƙa, saboda haka direba yana da kusan daƙiƙa 3 tsakanin ganin abu da isa gare shi. Idan aka ɗaure fitilar a kan maƙalin da ba nata ba, sunkuyawar ta zama kashi 2 cikin 100, haske zai tsaya a wajen mita 33, lokacin kuma ya ragu zuwa daƙiƙa ɗaya da rabi. Idan kuwa kuskuren sama ya yi, hasken zai tafi kai tsaye cikin idon mai zuwa. Karkacewar da ido ba ya ko gani a gareji ita ce wannan.

Bugu da ƙari, hasken ƙaramar fitila yana da gefe. An tsara shi ya ɗaga kaɗan ta wajen bakin hanya, domin a ga masu tafiya a ƙasa da dabbobi da allunan hanya, ya kwanta ta wajen motoci masu zuwa. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu na 1972, amma Japan da Ingila suna tuƙi ta hagu. Fitilar da aka ciro daga motar da aka yi don waɗannan ƙasashe za ta shiga gurbi daidai, ta yi kyau a ido, amma da dare gefenta mai ɗagawa zai faɗa kan fuskar direban da ke tahowa.

Ta fannin lantarki ma akwai magana. Ƙwan halojin na da yana cin wat 55. A batir mai bolt 12, wannan ya kama kimanin amfiya 4.6, kuma a kan haka aka zaɓi kaurin waya da girman fis. Fitilar zenon, wadda ta fara fitowa a motar BMW a 1991, wat 35 take ci, amma tana buƙatar wata na'ura da za ta samar da fiye da bolt 20,000 a lokacin kunnawa. Fitilar LED kuwa, wadda ta shigo fitilun gaba a wajen 2007, wutar da take ja kaɗan ce, har kwamfutar wasu motoci takan ɗauka ƙwai ya mutu ta kunna alamar gargaɗi. Tun daga farkon shekarun 1990 motoci suka fara amfani da wani tsari na kamfanin Bosch mai suna CAN, inda na'urori suke aika wa juna saƙonni ta wayoyi biyu kacal. A irin wannan mota, yanke waya a murɗa ta da wata a naɗe da salatif yana iya rikita abin da ba shi da alaƙa da fitila, ko ya haddasa gobara idan an sa fis da ya fi ƙarfin wayar.

Ƙirjin mota: lissafin karo

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci. Ƙarfin motsin kowane abu shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Mota mai kilogiram 1,200 da ke gudun kilomita 50 a awa, wato mita 13.9 a daƙiƙa, tana ɗauke da kimanin jul 116,000. Idan ta daki bango da wannan gudu, daidai yake da a ce ta faɗo daga tsawon mita 10, kusan bene mai hawa uku. Wannan ƙarfi ba ya ɓacewa. Dole ya tafi wani wuri, ko dai cikin ƙarfe ko cikin jikin mutum.

Injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz shi ya fito da mafita, ya yi rajistar dabararsa a farkon shekarun 1950, aka kuma fara sayar da mota mai ita a 1959. Dabarar ita ce a ƙarfafa ɗakin da mutane suke zaune, a bar gaba da baya su murƙushe a hankali. A duba lissafin. Idan motar da muka ambata ta tsaya cikin santimita 50 na murƙushewa, matsakaicin ƙarfin da zai danne mutumin da ya ɗaura bel zai kai kimanin ninki 20 na nauyinsa. Idan gaban ya yi tauri har ta tsaya cikin santimita 10, ƙarfin zai kai kusan ninki 100. Saboda haka mutumin da yake alfahari cewa motarsa ta yi karo ko lotsawa ba ta yi ba, bai san cewa lotsawar ce take fansar ransa ba.

Abin da muke kira bamba a motocin yanzu riga ce kawai ta roba. A bayanta akwai soso mai tauri, sa'an nan wani ƙarfe a gicciye, wanda aka ɗaure a kan wasu gajerun akwatunan ƙarfe masu tsaga-tsaga, su kuma suna kan dogayen ƙarafa biyu da suka miƙe ta gefen inji. An lissafa kaurin kowane ɗaya da wurin da zai fara naɗewa, bi da bi, kamar yadda ake naɗe zugazugi. Shi ma bonet an yi masa wuraren rauni da gangan domin ya karye a tsakiya ya tashi sama, maimakon ya zarce ta gilashi ya shiga ɗaki.

Yanzu sai a yi tunanin abin da ke faruwa idan aka ƙetare zubi. Sabuwar bamba ta ƙi rufe ƙarfen gicciye, sai fanalbita ya datse ƙarfen ko ya cire shi ɗungurum. Fenda ta ƙi kaiwa, sai a ƙara ƙarfen kwana a yi walda. A dukkan halin biyu an rushe lissafin, ko an raunana inda ya kamata ya riƙe, ko an taurara inda ya kamata ya naɗe. Ƙari a kan haka, ƙarafan zamani masu ƙarfi suna samun ƙarfinsu ne daga yadda aka gasa su aka sanyaya su a masana'anta. Idan aka hura musu wutar gas har suka yi ja, tsarin cikinsu yana canzawa, ƙarfin ya ragu, ko da daga waje an shafe da fenti. A ƙananan motoci irin Camry, jiki da ƙashi abu ɗaya ne, saboda haka duk yankan da ya wuce sassan da ake kwancewa da sifana ya taɓa ƙashin motar ke nan.

Jijiyoyin mota: na'urorin ji

A yawancin motocin zamani akwai ƙananan na'urori masu jin girgizar karo, waɗanda makanikai suke kira sansa, a ɗaure kusa da lagireto. Su ne suke taimaka wa kwamfuta ta yanke shawarar ko a buɗe jakar iska ko kada a buɗe. Dukkan aikin, daga jin karo zuwa cikar jaka, yana ƙarewa cikin 'yan gomiyoyin milisakan, kafin mutum ya gama ƙifta ido. Milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. A gudun kilomita 50 a awa, mota tana cin kimanin santimita 14 a kowane milisakan 10. An koya wa kwamfutar irin girgizar da wannan ƙashi, da wannan bamba, da wannan mazaunin sansa za su bayar. Idan aka matsar da sansa, ko aka ɗaure ta da waya a jikin roba, jakar tana iya makara, ko ta ƙi buɗewa, ko ta fashe wa direba a fuska don kawai ya faɗa rami.

Sababbin motoci kuma suna da rada a bayan tambarin gaba ko a cikin bamba, wadda take auna nisan motar da ke gaba har ta taka birki da kanta. A nan ma lissafin kusurwa ne. Karkacewar digiri 1 tak tana zama kuskuren mita 1.75 a nisan mita 100, wato kusan rabin faɗin layin hanya. Motar za ta iya ɗaukar mai zuwa a ɗaya layin a matsayin wanda ke gabanta. Ƙarfe kuma yana tare siginar rada, shi ya sa tambarin motar da ke da ita yake da santsi kamar gilashi. Ita ma tsohuwar motar da aka ɗora wa sabuwar fuska ba ta samu wannan basira ba don an manna mata tambari mai ƙyalli.

Inda ake tambayar labarin mota

Babu laifi mutum ya ƙawata motarsa, kuma musanya kayan gaba daga motar da ta mutu hanya ce mai kyau ta rage kashe kuɗi da rage tarin ƙarafa. Laifin yana wajen ha'inci, inda za a sayar da tsohuwa da kuɗin sabuwa. Maganin wannan yana rubuce a jikin motar. Tun 1981 motocin da ake sayarwa a Amurka suna ɗauke da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, kuma tsarin ya bazu a duniya. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma a jikin ginshiƙin ƙofa. Ba a amfani da harufan I da O da Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Alama ta farko tana nuna ƙasar ƙira: J Japan, W Jamus, K Koriya, 2 Kanada, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, alama ta goma ita ce shekarar ƙira. Daga 2001 zuwa 2009 alƙaluma ne 1 zuwa 9, sa'an nan A ta zama 2010, B 2011, har G ta zama 2016. Motar da fuskarta ke cewa 2016 amma alamarta ta goma 8 ce, ta faɗi gaskiyar shekarunta.

Motocin wasu kasuwanni ba lalle ne su bi wannan ƙa'ida ta alama ta goma ba. A nan sai a duba takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa, da ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel, wanda sau da yawa yake ɗauke da shekarar da aka yi shi. A kuma duba tazarar da ke tsakanin bonet da fenda, wadda a masana'anta takan kasance milimita 3 zuwa 5, daidai wa daida hagu da dama. A buɗe bonet a ga ko kawunan notuna sun goge, ko akwai sababbin ramuka da tabon walda. A ƙarshe a murɗa makulli a lura da fitilar jakar iska. Ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sa'an nan ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa wani ya cire ƙwanta domin ya ɓoye matsala.

Aiki ga malamai da ɗalibai

Malamin kimiyya yana iya kawo wannan darasi cikin harabar makaranta ba tare da kashe kuɗi ba. A tsayar da mota a wuri mai baje, mita 10 daga bango, da magariba. Ɗalibai su auna tsawon fitila daga ƙasa, su auna iyakar hasken a jikin bango, su fitar da sunkuyawar cikin ɗari, sa'an nan su lissafa inda hasken zai taɓa ƙasa. Wani rukunin ya karanta lambobin shasi na motocin malamai, da izininsu, ya fitar da ƙasa da shekara. Rukuni na uku ya sa ƙwai a cikin gwangwanaye biyu, a ɗaure wa ɗaya naɗaɗɗiyar takarda a gindi, ɗayan kuma guntun katako, a sake su daga tsawo ɗaya. Wanda ƙwansa ya tsira zai bayyana aikin Barényi fiye da dogon jawabi.

Kammalawa

Duk wanda zai sauya wa motarsa gaba, ya fara tabbatar da cewa motocin biyu zubi ɗaya ne, kuma kasuwa ɗaya aka yi su dominta. Ya sayi kayan a haɗe da maƙalansu da fallayen iska da wayoyinsu. Ya kafa sharaɗi cewa ba za a yanke ko a gasa ƙarfen gicciye da dogayen ƙarafan gaba ba, kuma kowace sansa za ta koma mazauninta na asali. Bayan an gama a saita fitilu a jikin bango, a kuma sa kwamfuta ta duba motar. Idan fanalbita ya ce kayan ba za su zauna ba sai an ɗan yanka nan an ɗan ƙara can, to, motar ce take faɗa cewa wannan fuska ba tata ba ce, kuma ya fi kyau a saurare ta. Idan ranar sayarwa ta zo, a gaya wa mai saye ainihin shekararta, domin shi da iyalinsa ne za su zauna a bayan wannan fuska.